Tsarin Birni: Yadda Ake Tsara Yamai da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2020 kogin Isa, wanda ake kira Kwara, ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta ba a Yamai kafin wannan lokaci. Ruwa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin da ke bakin kogi. Jingar da ke kare unguwar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya kwarara cikin gidaje a Lamorde, Karaje, Zarmagande da Kirkisoye. A ƙetaren kogi ma ruwa ya shiga Saga. Gidajen ƙasa suka rushe, dubban iyalai suka koma kwana a makarantu.

Ruwan sama daga Allah yake. Amma wurin da aka aza gida, da faɗin hanyar da ke ƙofarsa, da magudanar da za ta fitar da ruwa daga unguwa, duk aikin mutum ne. Wannan aiki shi ake kira tsarin birni. A wannan darasi za mu ga ma'anarsa, da ƙoƙarin da hukumomi suka yi a Yamai, da dalilan da ke hana tsari tafiya daidai, sa'an nan abin da kowannenmu zai iya yi.

Mene ne tsarin birni?

Mu ɗauki misali da gida. Mai gida mai hankali ba ya fara gini sai ya zagaya filinsa ya duba. Zai ce ga inda zaure zai zauna, ga ɗakuna, ga madafa, ga makewayi can nesa da rijiya. Zai duba inda ƙasa ta gangara ya bar rariya, domin ruwan damina ya sami mafita. Zai bar tsakar gida don shan iska da wasan yara. Idan ya cika filin duka da ɗakuna, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi zai gane kuskurensa.

Birni babban gida ne mai mutane da yawa. Tsara shi kuwa shi ne a ware wa kowane abu wurinsa tun kafin a aza tubali. Abubuwan da ake warewa sun haɗa da:

1. Hanyoyi manya da ƙanana, masu faɗin da motar kashe gobara da motar ɗaukar marar lafiya za su iya shiga.
2. Hanyar ruwa, wato ƙoramu da lambatu da wuraren da ruwa ke kwanciya.
3. Filayen jama'a, domin makaranta, gidan likita, kasuwa, wurin ibada, maƙabarta da filin wasa.
4. Wuraren itatuwa da lambuna.
5. Wuraren da aka hana gini saboda haɗari, kamar cikin kwari da bakin kogi.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mazaunin jama'a, UN-Habitat, ta ba da shawarar a bar wa hanyoyi aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar birni. Wannan yana nuna cewa filin da aka bari babu gini ba asara ba ne. Shi ne ke sa a ji daɗin zama a sauran.

Tsarin birni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffin birane kamar Kano, Katsina, Zariya da Damagaram suna da ganuwa da ƙofofi, kuma hanyoyi suna tashi daga ƙofofin zuwa kasuwa da fada. A gaban fada akwai dandali. Masu sana'a ɗaya sukan zauna unguwa ɗaya, kamar marina da maƙera da majema. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini su ne ke karɓar ruwan damina. Magabata ba su da taswira a takarda, amma sun san cewa gari ba ya zaunuwa sai da ƙa'ida.

Yadda Yamai ta girma

Kafin zuwan Turawa, wurin da Yamai take a yau ƙananan garuruwa ne a bakin kogi, irin su Gudel, Gamkale da Saga. A shekarar 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Tun daga nan aka fara zana taswirar gari.

Tsarin Turawan mulkin mallaka ya raba gari biyu. A kan tudu, inda ake kira Filato, aka gina ofisoshi da gidajen Turawa, da hanyoyi masu faɗi da itatuwa. Ƴan ƙasa kuwa aka zaunar da su a ɗaya gefen, kwarin Gunti Yena ya raba tsakani. A cikin shekarun 1930 wata babbar gobara ta cinye bukkoki masu yawa, daga nan aka matsa wa mutane su yi gini da ƙasa, gidaje layi-layi. Wannan tsari ya kawo miƙaƙƙun hanyoyi, amma bai yi adalci ba, domin gyara da inuwa sun taru a gefe ɗaya. Har yau mai yawo a Yamai yana iya ganin alamar wannan rabo.

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce kimanin 30,000 ba. A ƙidayar 1988 sun kai kimanin 400,000. A 2001 sun kai kimanin 700,000. A ƙidayar 2012 kuwa sun haura miliyan ɗaya. Ke nan a cikin shekara hamsin da ƴan kai jama'ar garin ta ninka fiye da sau talatin.

Dalilan wannan girma sanannu ne. Akwai haihuwa. Akwai masu zuwa neman aiki, karatu da magani. Akwai kuma fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, waɗanda suka kori manoma da makiyaya daga karkara zuwa birni. Kowane mai zuwa yana bukatar wurin kwana, kuma ba zai jira a gama zana taswira ba.

Ƙoƙarin da hukumomi suka yi

Na farko, taswirori da dokoki. A 1984 aka yi wa Yamai babban tsari na raya birni, wanda ya nuna inda gari zai faɗaɗa, da inda manyan hanyoyi za su bi, da wuraren da za a bari. A 2009 aka sake shirya wani tsarin. A watan Afrilu na 2017 kuma aka kafa dokar da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin tsara birane a ƙasa baki ɗaya. An kasa birnin Yamai gunduma biyar, huɗu a gefen hagu na kogi, ta biyar a gefen dama, domin hukuma ta matso kusa da jama'a.

Na biyu, yankan filaye. Wannan shi ne aikin da ake kira “lotissement” da Faransanci. Bisa ƙa'ida ga yadda yake tafiya. Masu awo za su auna wurin su zana taswira. A cikin taswirar za a fitar da hanyoyi da filayen jama'a da filayen gidaje. Sai hukuma ta duba ta amince. Masu gonakin da aka karɓa a biya su diyya, sau da yawa da wani kaso na filayen. Sai a kafa duwatsun iyaka, a share hanyoyi, a kawo ruwa da wuta, daga nan a sayar. Idan an bi wannan jeri, unguwa takan fito da kyau tun ranar farko.

Na uku, gandun itatuwa. Daga shekarar 1965 aka fara dasa itatuwa, akasari dogon yaro, domin su kewaye Yamai ta gefen hagu na kogi. Tsawon gandun ya kai kimanin kilomita 25, faɗinsa kimanin kilomita ɗaya, wato wajen hekta 2,500. An yi shi ne don ya tare iska da ƙura, ya rage zafi, ya kuma zama iyakar gari. An shafe shekaru masu yawa ana wannan dashe. Amma gari ya girma ya tsallake shi, kuma an sare wani babban ɓangare nasa, an yi gidaje a ciki.

Na huɗu, gadoji da kasuwanni. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita ce ta haɗa gari da gefen dama, wato Harobanda. Bayanta unguwanni suka bunƙasa a can, ga kuma jami'ar Abdu Mumuni. Gada ta biyu, ta abotar Sin da Nijar, an buɗe ta a 2011. Ta uku, mai sunan Janar Saini Kunce, an buɗe ta a 2021. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta da siminti, aka buɗe a 1987. Ƙaramar Kasuwa ita ma ta ƙone a 2012. Gobarar kasuwa tana koya mana cewa idan rumfuna suka cushe hanya, masu kashe wuta ba su da ta inda za su bi.

Na biyar, shirin ƙawata birane. A 2011 gwamnatin Shugaba Mahamadu Isufu ta ƙaddamar da shirin Niamey Nyala, wato Yamai ƴar kwalliya da Zabarmanci. A ƙarƙashinsa aka gina gadojin sama uku: ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, da ta Diori Hamani a 2018. An shimfiɗa kwalta, an sa fitilun kan hanya. Gabanin taron Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a watan Yuli na 2019 an sabunta filin jirgin sama, an gina manyan masaukan baƙi. Sauran manyan garuruwa ma sun sami rabonsu ta hanyar bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, wanda aka riƙa kaiwa jiha-jiha: Doso a 2014, Maraɗi a 2015 da sunan Maraɗi Kwalliya, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, sai Tilaberi a 2019. Kowane gari ya sami sababbin hanyoyi da gine-gine.

Wannan kwalliya ta zo da nata ciwo. A 2016 hukuma ta rushe shaguna da rumfuna masu yawa da ke bakin manyan hanyoyin Yamai. Hanyoyi sun buɗe, amma ƙananan ƴan kasuwa da dama sun rasa wurin neman abinci. Darasin da ke nan shi ne, gyara bayan an riga an zauna yana da tsada, kuma talaka ne ya fi jin zafinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na shida, kariya daga ambaliya. Bayan ambaliyar 2012 an kai wasu iyalai wani sabon wuri a kan tudu mai suna Seno. Gwamnati, da tallafin Bankin Duniya da sauran abokan aiki, ta gina jinga a bakin kogi, da lambatu, da hanyoyin da aka shimfiɗa wa ƙananan tubalan siminti. Irin wannan hanya tana da amfani biyu: mutane su bi, ruwa ma ya bi ba tare da ya ci ƙasa ba.

Me ya sa tsari ba ya tafiya yadda aka zana?

Duk da wannan ƙoƙari, unguwanni da yawa suna cikin wahala. Ga manyan dalilai.

Jama'a sun fi tsari sauri. Fili mai cikakkiyar takarda ya fi ƙarfin talaka. Sai ya je wurin mai gona a bakin gari ya sayi ɗan yanki da rahusa, ya yi gini. Wani ya zo ya yi kusa da shi, wani ma haka. Kafin a ankara unguwa ta tashi babu hanya miƙaƙƙiya, babu filin makaranta. Unguwar Pays-Bas da ke kan hanyar filin jirgin sama ta tashi ne ta irin wannan hanya, a wuri mai gangare da kwazazzabai. Mutanen irin waɗannan unguwanni ba masu laifi ba ne. Masu neman wurin zama ne, kuma suna da haƙƙin ruwa da makaranta kamar kowa.

Ana sayar da fili kafin a kawo kayan more rayuwa. An daɗe ana ɗaukar yankan filaye a matsayin hanyar samun kuɗin shiga. Wajen farkon shekarun 2000 har gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Ta haka aka yanka filaye masu ɗimbin yawa, amma da dama babu ruwa, babu wuta, babu magudana. Wasu masu kuɗi kuma sukan sayi filaye su ajiye suna jiran tsada. Sai gari ya yi ta miƙewa har cikin gonakin Libore, Karma da Hamdallaye, alhali ga kangaye a tsakiya. Duk lokacin da gari ya ƙara nisa, kuɗin jan famfo da wayar lantarki da kwalta yana ƙaruwa, haka ma kuɗin mota na mai zuwa aiki.

Ana cin filayen jama'a. Filin da aka ware wa makaranta ko lambu yakan zauna shekaru babu gini. Daga baya sai a wayi gari an yanka shi an sayar. Ranar da yara suka yi yawa babu wurin gina aji. Inda jama'a suka fi ƙarfin gine-ginen da ke akwai, sai a koma ga azuzuwan zana. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, yara kimanin 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

An fi kula da abin da ido ke gani. Gadar sama da fitilu abin sha'awa ne, kuma suna da amfani. Amma lambatu da kwasar shara da gyaran ƙananan hanyoyi su ne ke taɓa rayuwar yawancin mutane kullum. Ginawa kuma ba ta isa ba, sai da kulawa. Lambatun da aka gina aka bar shi ya cika da yashi da shara, da shi da babu duk ɗaya.

Ruwa ba ya manta hanyarsa

Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Cikar farko ta damina ce, a watannin Agusta da Satumba. Ruwanta ja ne, domin yana ɗauke da ƙasa daga ƙoramun Sirba, Dargol da Goruwol, masu gangarowa daga wajen Burkina Faso. Cika ta biyu tana zuwa lokacin sanyi, wajen Disamba da Janairu, da ruwan da ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini. A ƴan shekarun nan cikar damina ce ta fi yin ɓarna, kamar a 2010, 2012 da 2020. Idan ruwa ya kai santimita 620 a ma'auni, hukuma takan yi shelar babban haɗari.

Me ya ƙara wa ruwan ƙarfi? An sare itatuwa da yawa a karkara, ƙasa ta zama fako, ba ta shan ruwa. Ruwan da a da yake nutsewa, yanzu gudu yake yi zuwa ƙorama. Yashin da yake kwasowa kuma yana cike cikin kogi. A cikin gari ma rufin kwano da daɓen siminti ba su shan ruwa. Ga shi kuma a shekarun fari, da kogi ya ja baya, mutane sun yi gini a wuraren da tsofaffi suka san na ruwa ne. Da damina mai ƙarfi ta dawo, ruwa ya zo neman wurinsa.

A 2024 ambaliya ta yi sanadin rasuwar fiye da mutum 300 a faɗin Nijar. A watan Agusta na wannan shekara ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita Yamai, har da hanyar Doso, kuma sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Mutanen Maraɗi sun san wannan darasi tun da daɗewa. Tsohon garin yana cikin kwarin Gulbi ne. A 1945 ambaliya ta cinye shi, aka tashi gari aka mai da shi kan tudu, aka yanka miƙaƙƙun hanyoyi. Tashin ya yi wa mutane wuya, amma jikokinsu sun ci moriyarsa.

Jinga tana taimako, sai dai ba ta mai da kwari tudu ba. Kowace jinga tana da iyakar ruwan da za ta iya tarewa. Tana kuma lalacewa idan ana ɗiban ƙasarta ko ana huda ta don jan ruwa zuwa lambu.

Shawarwari ga mai son sayen fili

Fili dukiya ce ta shekaru, sau da yawa gumin rayuwar mutum duka. Kada ku yi gaggawa.

1. Ku je ku ga filin da idonku, in da hali a tsakiyar damina, washegarin ruwa mai ƙarfi.
2. Ku tambayi tsofaffin wurin ko ruwa ya taɓa kwanciya a nan. Ku duba bangon maƙwabta, ruwa yakan bar alama.
3. Ku je ma'aikatar magajin gari ku nemi a nuna muku taswirar unguwar. Ku tabbata filin yana cikin yankan da hukuma ta amince da shi, kuma ba kan hanya ba ne, ba filin jama'a ba ne, ba cikin gandun itatuwa ba ne.
4. Ku san bambancin takardu. Takardar shaidar gargajiya, wadda ake kira “détention coutumière”, tana nuna cewa ƙasar gadon wane ce, amma ba ta nuna cewa an tsara wurin don gidaje ba. Takardar da ake kira “acte de cession” ita ake bayarwa a kan filin da aka yanka. Wadda ta fi duka ƙarfi ita ce “titre foncier”, wato cikakkiyar takardar mallaka.
5. Ku duba cewa lambar fili da ke cikin takarda ta yi daidai da duwatsun iyaka da ke ƙasa. Ku bincika ko sunan mai sayarwa ne a kan takardar, domin akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.
6. Idan karatunku bai yi ƙarfi ba tukuna, ku tafi da wanda kuka amince da shi ya karanta muku. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a kan abin da ba ku fahimta ba. Ku karɓi takardar shaidar biya, a gaban shaidu.
7. Kafin gini ku nemi takardar izinin gini. Ku ɗaga harsashi sama da hanya, ku yi shi da dutse ko siminti ko da sauran bangon na ƙasa ne.

Idan fili ya yi arha fiye da kima, ku tsaya ku tambayi dalili. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da za mu yi a unguwarmu

Hukuma ce ke zana taswira, amma mazauna ne ke raya ta ko su kashe ta.

• Kada mu ci hanya. Taku ɗaya da kowane gida ya ƙara a ƙofarsa, shi ke mai da titi lungu.
• Kada mu zuba shara ko leda a lambatu. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da siraran ledoji da sayar da su. Leda tana toshe ruwa, ruwan da ya kwanta kuma yana haifar da sauro da zazzaɓi.
• Kada mu tare ƙofar gidanmu da tudun ƙasa har mu juya ruwa zuwa gidan maƙwabci. Mu zauna tare mu fitar wa ruwa hanya ɗaya.
• Mu haƙa masai nesa da rijiya. Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar mita 30 tsakani.
• Mu dasa itace a ƙofar gida, mu kare shi daga dabbobi har ya girma.
• Mu san filayen jama'a na unguwarmu. Idan muka ga ana awo a filin makaranta ko na gidan likita, mu sanar da mai unguwa, mu rubuta takarda zuwa ga hukuma da sa hannun mutane da yawa.
• Mu yi gayya kafin damina mu yashe magudanai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
• Idan an kira taro a kan gyaran unguwa, mu halarta. Mata su yi magana, domin su suka fi sanin nisan famfo da kasuwa da gidan likita.
• Idan hukuma ta yi shelar haɗarin ambaliya, mu tashi da wuri. Mu adana takardun fili da na haihuwa a wurin da ruwa ba zai taɓa su ba.

Muna kuma da haƙƙin tambaya. Ina aka kai harajin da muka biya? Yaushe za a kawo ruwa a filayen da aka sayar mana? Idan za a tashi mutane don aikin jama'a, ina za a kai su, kuma mece ce diyyarsu? Tambaya cikin ladabi ba rashin biyayya ba ce.

Kammalawa

Yamai za ta ci gaba da girma, haka Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran garuruwa. Gonakin da ke bakin gari a yau su ne unguwannin gobe. A can ne gyara yake da sauƙi, domin ba a riga an yi gini ba. Idan hukuma ta riga jama'a isa wurin, ta fitar da hanya da magudana da filin makaranta, ta kuma samar da filayen da talaka zai iya saya, ƴaƴanmu za su gaji gari mai daɗin zama. Idan mu kuma muka kiyaye abin da aka ware, ba za a zo a rushe mana gida gobe don a buɗe hanyar da muka toshe yau ba. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar wasu kalmomi

Taswira: zanen da ke nuna yadda wuri yake a kan takarda.
Jinga: tudun ƙasa ko na dutse da ake yi don tare ruwa.
Lambatu: ginanniyar hanyar ruwa a gefen titi.
Fako: busasshiyar ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa.
Diyya: abin da ake biyan mutum a madadin abin da aka karɓa daga hannunsa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta ina ruwan sama yake fita daga unguwarku? Akwai abin da ya tare masa hanya?
2. Waɗanne filayen jama'a ne a unguwarku, kuma wa ke kula da su?
3. Wace takarda ce ke hannunku ta gidan da kuke zaune ko filin da kuka saya?
4. Motar kashe gobara za ta iya isa ƙofar gidanku?
5. Wane aiki ɗaya ne ku da maƙwabtanku za ku iya yi kafin damina mai zuwa?